MAGE CE

Shafi na 17

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Ke kuma da kika yi min rantsuwa za ki daina karantawa idan aka taɓa magen nan, ki yi haƙuri, ba ni ce da gidan ba. Ku matso.

Da kwando a hannu Auta ta tura ƙofar gidan iyayenta, magen Baba na ciki tana ta ƙorafi. Jiya da yamma ta ɗauke ta zuwa wurin likitan dabbobi, ta wuce da ita gidanta suka kwana. Yau ne wa'adin Yaya Babba yake cika: ko warin fitsari ya bar gidan nan, ko mage ta bar shi. Shi kuwa Yaya Babba ba ya magana biyu, tun yana yawo da gajeren wando haka Allah ya yi shi.

Kuma ba a banza ya hau sama ba. 'Yarsa ƙarama ce ta toshe hanci a tsakiyar falo ta ce gidan Kaka wari yake yi, tun daga ranar yaran suka daina ɗokin zuwa.

Auta ta yi iya yinta, wannan kam ko maƙiyinta zai shaida. Ta wanke ƙasan da omo. Ta zuba bilic, tururin ya kusa shaƙe ta, ta yini idanu na ruwa. Ta fesa turare, turaren ya haɗa kai da warin suka haifi abin da ya fi na da muni. Kullum wari ya tafi da rana, gari na wayewa ya dawo abinsa.

A lungun da ke tsakanin ɗakin Baba da banɗaki ta tarar da Mama a durƙushe, ga bokiti, ga tsumma, tana ta dirzar leda.

"Mama ina kwana. Me kike yi a ƙasa da wannan gwiwar taki?"

Mama ba ta ɗago ba.

"Magen nan ce ta sake."

Daga cikin kwandon mage ta ce, miyau.

Hannun Mama ya tsaya cak a kan tsumman.

Bakin Mama ya riga ya saba, shi ya sa ya riga tunani fita. Mama da kanta ta riƙe wa Auta kwandon jiya har aka saka magen a ciki.

Auta ta ajiye kwandon a hankali. Ta cire mayafi ta rataye a ƙofa, ta durƙusa kusa da mahaifiyarta, ta zare tsumman daga hannunta.

"Ba dirzawa ake yi ba, in ji likita. Dannawa ake yi ya tsotse. In kin dirza ƙara shiga yake."

"To."

"Ya ce a haɗa ruwan khal da ruwa a jiƙa wurin. In ya sha iska a barbaɗa bekin soda, a bar shi ya bushe, sannan a share."

"To, Allah ya saka masa."

"Mama."

"Ina jin ki."

"Kwandasta a gidana ta kwana."

Kwandasta sunan magen ke nan. Baba ne ya raɗa mata, don tsohon direban babbar motar fasinja ne, ya ce tunda ya ajiye tuƙi bai sake samun mai zama a gefensa ya yi shiru ba sai ita.

Mama ta gyara ɗaurin kallabinta, wanda babu abin da ya same shi.

"To ai ba ita kaɗai ce mage a unguwar nan ba. Ta maƙwabta ce ta shigo ta taga."

"Tagar da Yaya ya sa wa raga?"

"Ke dai kin cika bin diddigi. Tun kina yarinya haka kike."

"Likita ya duba ta ciki da bai. Ya ce lafiyarta ƙalau. A gidana ma cikin kwanon yashinta ta yi, ta rufe abinta tsaf."



Auta ta kai hannu bakin bango, inda ledar ɗakin ta ɗan ɗago.

"Likita ya ce muddin fitsari ya ratsa leda ya shiga siminti, ko shekara za a yi ana wanke sama aikin banza ne. Sai an ɗaga an wanke ƙasan. Kama min can."

"Bar ledar nan, Auta."

"Yaya yana hanya, Mama. In bai ji canji ba tafiya zai yi da ita."

Ta ja. Ledar ta taso da ƙara, wari ya bugo su har sai da Auta ta kau da kai.

Da ta juyo ta dubi simintin, sai ta kasa sakin ledar.

A kusurwa ɗaya, can bayan ƙofa, akwai tsohon tabo guda, zagayayye, ya bushe ya yi duhu. Wannan kam aikin mage ne, ko makaho ya shafa ya sani. Amma sauran ba a kusurwa suke ba. Duk inda ledar ta tsage ko aka haɗa bakinta, ruwa ya ratsa ya bar shaida, kuma shaidar a jere take. Ta taso daga ƙofar ɗakin Baba, ta bi tsakiyar lungun, ta ƙare taku kaɗan kafin ƙofar banɗaki.

Mage ba ta yi tana tafiya. Kuma mage ba ta nufin banɗaki.

Auta ta saki ledar. 

Mama ta zame ta zauna, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Na ce ki bari ba ki ji ba."

"Tun yaushe?"

"Yi a hankali. Rediyonsa ne kawai a kunne, kunnensa garau yake."

Auta ta sauke murya.

"Tun yaushe, Mama?"

"An kwana biyu. Da farko jifa-jifa ne. Yanzu kuwa in ya taso daga barci, ko daga zama, kafin ya kai ƙofar can ya riga ya kufce masa."

"Shi ne kika ce mana mage ce?"

"Ranar farko ita ce ɗin. Ga shi can bayan ƙofa kin gani. Ba ƙarya na fara da ita ba."

"Mama, na zuba bilic a gidan nan har na kusa suma. Na doki magen nan da tsintsiya. Na zage ta a gaban Baba."

"Na gani."

"Kika yi shiru?"

Mama ta dube ta, duban da uwa ke yi wa ɗan da ya girma amma har yanzu bai san hagunsa ba.

"Ni ai na ɗauka kin gane. Ranar da na kira ki a waya na ce miki mage ce, har na ji sanyi a raina, na ce ko ba kowa Auta za ta gane. Sai ga ki da bokiti da buroshi kamar za ki yaƙi."

"In gane me?"

"Au, kin manta?"

"Me na manta?"

Mama ta yi 'yar dariya, idonta na ƙyalli.

"Lallai mai laifi shi ke saurin mantuwa. Ke har kika shiga firamare kika yi nisa kina jiƙa katifa. Yayanki kuwa bakinsa kamar reza, in ya samu abin tsokana sai ya kai ki makaranta da shi. To Babanku kafin ya fita tasha yakan leƙa ɗakinku. In ya shafa ya ji, sai ya ɗauke ki ya kawo min, ya fitar da katifar ya jingina a rana. In yayanki ya tashi ya tambaya, me yake ce masa?"

Auta ta buɗe baki, maganar ta fito da kanta.

"Mage ce."

"A lokacin ko gashin mage babu a gidan nan."

Sai ga abin ya dawo mata gaba ɗaya. Hannun Baba mai warin man inji, sanyin safiya a ƙafarta, da yadda take leƙa ƙarƙashin gado da rana tana neman magen nan mara kunya da ke ɓata mata katifa. Har abinci ta taɓa ajiye mata a murfin gwangwani. Allah Sarki, ita duk zamanta ta yarda akwai magen.

Ta sa bayan hannu ta share fuska, hawayen suka ƙi tsayawa.

"Yaya bai taɓa ganewa ba?"

"Yayanki? Tarko ya kafa mata a bayan ɗaki."

Dariya ta kufce wa Auta a tsakiyar kuka, ta toshe baki da sauri.

"Kun yi maganar da Baba?"

"Wace magana?"

"Wannan ɗin."

"Bai taɓa ce min ba, ban taɓa ce masa ba. Da safe in na fito da bokiti sai in ce, Malam, magen nan ta sake. Shi kuma ya ce, sai haƙuri da ita. Kayansa kuwa a jiƙe nake tarar da su cikin baho, ya riga ya zuba omo da kansa. In shanya, in goge, in ajiye masa. Shi ke nan maganarmu."

"Ita kuma Kwandasta ta sha zagi."

"Yana ba ta haƙuri. In ya ɗauka ba na ji, sai ya ɗora ta a cinya yana yi mata magana a kunne. Rannan na ji yana ce mata, ki yafe ni, abokiyar tafiya."

Auta ta haɗa kai da gwiwa.

Yanzu ta gane abubuwan da ta yi ta yi wa fassarar banza. Baba ya daina fita zama da abokansa a bakin titi, ta ce girman kai ne na tsufa. Ya daina shan shayin yamma, ta ce rigima ce. Ko ruwa aka miƙa masa sai ya kurɓa kaɗan ya ture, leɓensa duk ya bushe. Duniyarsa ta tsuke ta dawo ɗaki ɗaya da kujera ɗaya da mage ɗaya, ita ce kuma za a zo a ɗauke yau.

"Mama, wannan ciwo ne. Yana da magani. Maza da yawa suna yi in girma ya zo."

"Na sani."

"To a kai shi asibiti mana."

"Wa zai faɗa masa? Ke? Mutumin da fasinja ke roƙo ya tsaya su zaga, yana ce musu namiji ai riƙewa yake yi? Har yau in tsofaffin yaran motarsa suka zo gaisuwa labarin da suke bayarwa ke nan, ana dariya, shi ma yana yi. Ranar da ya san 'ya'yansa sun sani, ban san me zai rage masa ba."

"In aka tafi da magen fa?"

Mama ta kalli kwandon.

"Shi ne abin da ya hana ni barci. In ta tafi, gobe da safe in ce wa?"

A ɗaki rediyo ya yi shiru.

Su biyun suka dubi juna. Auta ta yi wuf ta mayar da ledar, Mama ta jawo bokiti gabanta.

Ƙofa ta buɗe. Baba ya fito cikin fararen kaya masu karin guga, hula a daidai, yana dafa bango da hannu ɗaya. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya tsallake wurin da ke da danshi ba tare da ya kalle shi ba.

"Ina Kwandastata? An dawo min da ita ko an sayar?"

"Ina kwana, Baba. Ga ta nan."

"Lafiya lau, Autar Mama. Buɗe ta mana, ai ba fursuna ba ce."

Tana buɗewa magen ta yi tsalle ta nufe shi, tana goga kai a ƙafarsa. Ya taka a hankali zuwa kujerarsa ta falo ya zauna, ta haye cinyarsa ta naɗe.

Auta ta bi shi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Yana shafa bayan magen, idonsa a kanta, ya ce, "To me likitan ya ce?"

Daga lungu Mama ta daina motsi da bokiti.

 Auta ma magen ta kalla.

"Ya ce abin yana da magani, Baba."

Hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ya ce ba laifinta ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. In shekaru suka ja, da yawa suna yi. Kullum sai an kawo masa irinta."

"Ikon Allah."

"Ya ce kuma kada a bari ta riƙa ƙin shan ruwa. Wai wannan ya fi ciwon illa."

 Baba ya sosa wa magen ƙarƙashin haɓa, ta lumshe ido.

"Ai tsoro take ji," ya ce a hankali. "In ta sha, abin ya fi yawa."

"Na sani. Shi ya sa ya ce a kawo ta a duba ta sosai."

"Ba ta son asibiti. Taro ne da shi. A kira sunanka da ƙarfi, a yi ta tambayarka a gaban yara ƙanana."

"Ni zan raka ta. Mu biyu kawai, da sassafe kafin mutane su taru. Ba wanda zai ji."

"Har yayanki?"

"Har shi."

Ya ɗago ya dube ta. Tun da ta shigo sai yanzu suka haɗa ido. Nasa sun kaɗa, amma bakinsa na son yin murmushi.

"Kin girma, Auta."

"Kai ka rene ni."

"To ɗebo mata ruwan mu gani, ko za ta sha."

Ta miƙe da sauri har tana tuntuɓe. Ta cika kofi ta kawo masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya kai baki, ya sha rabi ya huta, ya ƙarasa sauran. A bakin lungu Mama ta juya musu baya tana matse tsumman da ya riga ya bushe.

Daidai nan suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Yaya Babba ya yi sallama ya shigo, da kwali a hammata wanda aka huda wa ƙofofin iska. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, sannan ya miƙe ya ja numfashi ta hanci. Ɗaga ledar da aka yi ya taso da warin duka, ya cika falon.

"Kin ji ko, Auta? Yau ma ya fi na kullum."

"Yaya, ledar na ɗaga shi ya sa. Na samo yadda ake yi, likita ya faɗa min. Ka ƙara min kwana biyu."

"Kwana biyu kuma, bayan wa'adin da na ba ki? Dubi hannunki yadda ya tsattsage. Dubi Mama a durƙushe da ciwon gwiwa saboda dabba."

Mama ta ce, "Ni ban kai maka ƙara ba."

"Ba sai kin kai ba, Mama, ina da ido."

Ya juya wajen Baba, ya sassauta murya, don shi ma ba mugu ba ne, son iyayen ne ya zo masa ta hanyar faɗa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba yar da ita zan yi ba. Abokina mai gidan kaji yana neman mage saboda ɓeraye, za ta ci ta ƙoshi a can. Gobe masu tayil za su zo su cire ledar nan gaba ɗaya. Ina so jikokinka su dawo suna hawa cinyarka, ba mage ba."

 Hannun Baba na kan bayan Kwandasta.

Auta ta shiga tsakaninsu.

"Yaya, don Allah mu je waje in faɗa maka wata magana."

"Faɗe ta a nan."

Ta dubi Mama. Mama ta girgiza mata kai kaɗan. Ta dubi Baba, alkawarin da ta yi masa ko bushewa bai yi ba a bakinta.

"Babu komai," ta ce.

"To matsa."

Ya ajiye kwalin ya buɗe. Ya sunkuya ya sa hannu biyu ya ɗago magen daga cinyar Baba. Ta maƙale farcenta a farar rigar, zare ya biyo ta, tana kuka tana waiwayen mai ita. Ya saka ta a kwalin ya fara rufe murfin.

"Ajiye ta."

Muryar Baba ba ta da ƙarfi, amma irin wadda ta saba tsayar da mota cike da mutane ce.

Yaya Babba ya tsaya da murfi a hannu.

"Baba, mun gama wannan maganar."

"Na ce ka ajiye ta. Ba a hukunta wanda bai yi laifi ba a gidana."

Mama ta saki tsumman.

"Malam..."

"Bari, Hajiya. Ya isa haka."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe tsaye, ya gyara zaman hularsa. 

"Ba ita ba ce."

Yaya Babba ya dubi Auta, ya dubi Mama, ya ga kowacce ta sunkuyar da kai. Ya dawo da idonsa kan mahaifinsa.

"To in ba ita ba ce, Baba, wane ne?"